Amsoshin Tambayoyinku: Lambobi Shida na Jarumi, da Abin da Ya Kamata a Saya

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani ɗalibi na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke zaune a unguwar Ali Dan Sofo. Ya ce shi da abokansa biyar na fada sun ga ana wasan Dungeons & Dragons a YouTube, wato wasan da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya a cikin labarin da jagoran wasa ke bayarwa, ana jefa ƙwayoyi irin na ludo don a ga ko abin da jarumin ya gwada ya yiwu, suna son su fara, amma lambobi shidan da ke kan takardar jarumi sun ɗaure musu kai, kuma yana so ya san ko sai sun sayi babban littafin wasan kafin su fahimce su.

Ƙanena, kada ku fitar da ko dala ɗaya tukuna. Babban littafin 'yan wasa, wato Player's Handbook, ana sayar da shi kusan dalar Amurka 50, abin da ya kai wajen jika talatin na sefa tun kafin a sa kuɗin kawo shi Maradi, alhali kamfanin Wizards of the Coast da ke da wasan ya saki ƙa'idojin farko kyauta a intanet tun 2014, sannan a 2023 ya saki tushen ƙa'idojin har da Faransanci. Duk abin da ya shafi lambobin nan yana cikin na kyautar.

Wasan ya fito ne a Amurka a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kuma tun daga lokacin ana auna kowane jarumi da halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, lura, da kwarjini. Ƙarfi shi ne na ɗaukar kaya da ɓalle ƙofa da sara da takobi. Zafin nama shi ne na kauce wa sara, harbi da baka, da tafiya a saɗaɗe. Juriya ce ke nuna yawan raunin da jarumi zai ɗauka kafin ya faɗi. Basira ta shafi abin da ya karanta ya riƙe, lura ta shafi abin da idonsa da kunnensa da zuciyarsa ke kamawa, kwarjini kuwa shi ne yadda maganarsa ke shiga mutane. Mutum na yau da kullum yana kan 10 ko 11, kuma a bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, jarumin ɗan wasa ba ya wuce 20 sai da wani dalili na musamman.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, babbar lambar da ke kan takarda ba ita ake amfani da ita a yawancin lokaci ba. Ana cire 10 daga cikinta, a raba abin da ya rage gida biyu, in akwai guntu a sauko zuwa cikakkiyar lambar da ke ƙasa, sai a sami ƙarin da ake sawa a kan jifa. Saboda haka 10 da 11 ba su da ƙari, 12 da 13 suna ba da 1, 14 da 15 suna ba da 2, 16 da 17 suna ba da 3, 18 da 19 suna ba da 4, mai 8 ko 9 kuwa ana rage masa 1. A ce jaruminka ya zo gindin ganuwar wani birni cikin dare yana so ya haura, jagoran wasa ya ce wahalar haurawar 15 ce. Za ka jefa ƙwaya mai fuska ashirin ka haɗa da ƙarinka. Idan ƙarfinka 16 ne, jifar 12 ta ishe ka, wato fuskoki 9 cikin 20, kashi 45 cikin ɗari ke nan. Idan 10 ne, sai ka sami 15 ko sama, kashi 30. Idan 8 ne, kashi 25. Wanda ya ƙware a hawa yana da wani ƙarin na 2 a matakin farko, wato lokacin da jarumi yake sabo bai kai matakai na gaba ba. Ka ga kowane ƙari ɗaya kashi 5 ne kacal cikin ɗari, don haka mai ƙarfi yana iya zamewa ya faɗo, raunanan cikinku kuma ya haye yana kallonsa. Wannan shi ne daɗin wasan, kuma shi ya sa nake ganin damuwar da sababbin 'yan wasa ke yi a kan samun 18 ta fi ƙarfin amfaninta.

Akwai dabara ɗaya da ke fitowa daga wannan lissafi. Tunda 15 da 14 ƙarinsu daidai yake, lamba mara ba ta da riba sai an cika ta. Ƙa'idojin suna yawan ba jarumi ƙarin maki 2 a wani hali da 1 a wani tun wurin ƙirƙirarsa, a bugun 2014 bisa ga jinsinsa, a gyaran 2024 kuma bisa ga tasowarsa da sana'arsa. Idan an ba ka zaɓi, ka ɗora 1 a kan 15, ka ɗora 2 a kan 14, sai ka tashi da 16 guda biyu, maimakon 17 da ba ta fi 16 komai ba a wurin jifa.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a unguwar Zariya, wadda take jagorantar wasan ga ƙannenta da 'ya'yan yayarta a lokacin hutu. Ta ce sun jefa ƙwayoyi don fitar da lambobin, ɗaya ya sami 18 da 17, wata yarinya kuma babbar lambarta 12, har yarinyar ta ce ta fasa. Tana tambaya wace hanya ce ta fi adalci.

Malama, abin da ya faru da ku sananne ne, kuma laifin hanyar ne, yaran ba su yi komai ba. Hanyoyi uku ne a cikin ƙa'idojin. Ta farko ita ce jifa: a jefa ƙwayoyi huɗu masu fuska shida, a ajiye mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun da suka rage, a yi haka sau shida. Matsakaicin abin da ke fitowa ya ɗan haura 12, ya fi na tsohuwar hanyar 1974 da ake jefa uku kawai, inda matsakaicin yake 10 da rabi kuma 18 ke fitowa sau ɗaya cikin 216. Amma ko da ƙwayoyi huɗun, sa'ar minti biyar ita ce za ta bi yaro har tsawon watannin da za a yi ana labarin. Ta biyu ita ce jerin da aka riga aka tsara: 15, 14, 13, 12, 10, 8, kowa ya raba su yadda ya ga dama. Ta uku ita ce saye da maki 27, inda kowane hali ke farawa daga 8 ba tare da an biya komai ba, 13 ta ci maki 5, 14 ta ci 7, 15 ta ci 9, kuma ba a wuce 15. Idan kika lissafa jerin da aka tsara da wannan farashi za ki ga 27 ɗin ne cif, wato hanyoyi biyun ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Shawarata gare ki ita ce jerin da aka tsara, musamman da yara. Babu wanda zai ji an fi shi, ba a ɓata rabin yamma ana lissafi, kuma kowane jarumi yana da 8 guda ɗaya wadda dole ya zauna da ita. Ni wannan 8 ɗin nake ƙauna. Mayaƙin da kwarjininsa 8 ne dole ya nemi wanda zai yi magana da sarki a madadinsa, malamin da ƙarfinsa 8 ne dole a miƙa masa hannu a bakin kogi, kuma ta haka yara biyar ke zama ƙungiya ɗaya maimakon kowa ya ja nasa. Ki taimaka musu su sa babbar lamba inda aikinsu yake: mayaƙi a ƙarfi ko zafin nama, mai saɗaɗe a zafin nama, mawaƙi a kwarjini. Kada kowa ya sa 8 a juriya, domin ita ce ke ƙara wa jarumi rai a kowane mataki. Ki kuma gaya wa yarinyar cewa lambobin suna ƙaruwa, tunda a matakai na 4, 8, 12 da 16 ana samun damar ƙara maki 2. Idan manyan cikinsu sun nace sai sun yi jifa, to a jefa jeri ɗaya a gaban kowa, duk su yi amfani da shi.

Na uku wani mai shago ne a Sabon Gari, wanda ya ce zai aiki wani Kano, yana tambaya ko ya sa a sayo masa ƙwayoyin wasan.

Alhaji, cikakken saiti guda bakwai ne: mai fuska 4, 6, 8, 12, 20, da masu fuska 10 guda biyu. Don fitar da lambobi shidan ƙwayoyin ludo huɗu sun wadatar, kuma ana samunsu a babbar kasuwa. Sauran babu su a cikin ludo, kuma mai fuska ashirin ce aka fi jefawa. Kafin ta iso, ku yanka kwali ashirin daidai da juna, ku rubuta 1 zuwa 20, ku zuba a hula, a riƙa zara ana mayarwa bayan kowace zara, ko ku sauke manhajar jifa a waya. Idan za a sayo, ka ce a zaɓi masu manyan lambobi farare a kan duhun launi, saboda masu ƙyalƙyali ba sa karantuwa da dare in wuta ta ɗauke, kuma saiti biyu sun ishi mutum biyar ko shida.