Tambaya da Amsa: Tafiya daga Landan zuwa Paris a jirgin ƙasa

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu uku da suka zo mana a kan batu ɗaya, wato jirgin ƙasan Eurostar da ke zirga-zirga tsakanin Landan da Paris.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. In Allah ya yarda, a watan Yuli zan je Landan tare da maiɗakina domin bikin kammala karatun 'yarmu, kuma mun riga mun sami bizar ziyara ta Birtaniya. Muna sha'awar mu leƙa Paris na kwana uku kafin mu dawo gida. An ce mana akwai jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin teku. Shin bizarmu ta Birtaniya ta wadatar? Kuma tsakanin jirgin ƙasa da na sama, wanne kuke ganin ya fi dacewa da mu?
Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Zan fara da maganar biza, domin ita ce ke katse wa mutanenmu wannan tafiya bayan sun kashe kuɗin tikiti da na masauki. Bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa. Faransa tana cikin yankin Schengen, rukunin ƙasashen Turai da suka ɗage binciken iyaka a tsakaninsu suka yi biza guda, ita kuwa Birtaniya ba ta taɓa shiga wannan tsari ba ko a zamanin da take cikin Tarayyar Turai, balle yanzu da ta fice tun ranar 31 ga Janairu, 2020. Saboda haka mai fasfon Nijeriya, haka ma mai na Nijar ko Gana, sai ya riƙe biza biyu kafin ya hau wannan jirgi ya je ya dawo.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne inda ake neman bizar. Ƙa'ida ita ce mutum ya nema a ƙasar da yake zaune, ba a ƙasar da ya je baƙunci ba. Ku da za ku shiga Landan da bizar ziyara, kada ku sa rai cewa za ku nemi ta Faransa a can. A nan gida za ku nema, inda Faransa take da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a yi tafiya, kuma ko da yake a al'ada ana yanke hukunci cikin kwana 15, doka ta ba su dama su kai kwana 45, ga shi kuma samun ranar ganawa yakan yi wuya idan lokacin hutun Turawa ya gabato. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga kowane babba. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar kuɗin guzuri, da fasfon da zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar fitowarku daga Faransa. Ku kuma duba bizarku ta Birtaniya ku tabbatar tana ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, domin dawowa daga Paris sabuwar shiga ce a wurin jami'an shige da fice. Idan kun fi so, kuna iya tsara tikitinku na jirgin sama ta yadda za ku sauka a Landan ku taso gida daga Paris, sai ku huta da komawa baya.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, a wannan hanya iyakar ƙasa tana cikin tasha. A tashar St Pancras da ke Landan, bayan kun nuna tikiti a ƙofa kun ɗora jakunkuna a na'urar bincike, za ku wuce wurin duba masu fita daga Birtaniya, sannan taku kaɗan a gaba ku tarar da 'yan sandan iyaka na Faransa zaune a cikin rumfunansu na gilashi, a tsakiyar birnin Landan, suna buɗe fasfo shafi-shafi. Wanda ba shi da biza a nan za a mayar da shi, ko dandamalin hawa jirgi ba zai gani ba. Haka ma a dawowa, jami'an Birtaniya ne ke jiran ku a saman benen tashar Gare du Nord ta Paris. Tun watan Oktoban 2025 ƙasashen Schengen suka fara shigo da sabon tsarin rajistar baƙi da na'ura, mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, don haka ku isa tasha da wuri, kamar saura awa ɗaya da rabi. Ana rufe ƙofar shiga ga masu tikitin gama-gari saura minti 30 jirgi ya tashi, kuma in an rufe ba a sauraron magiya.

Game da zaɓi kuwa, idan biza ta samu, jirgin ƙasa nake ba ku shawara ba tare da wani kokwanto ba. Tsawon layin dogon kilomita 492 ne, ya ɗan zarce nisan Kano zuwa Abuja a mota, amma jirgin yana cinye shi cikin kusan awa biyu da minti ashirin, domin a fili yana gudun kilomita 300 a awa. Jirgin sama kimanin awa ɗaya da kwata yake yi a sama, sai dai daga tsakiyar Landan zuwa filin Heathrow kusan awa guda ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga jiran tashi, ga layin fasfo bayan an sauka, ga jiran kaya, sannan filin Charles de Gaulle yana wajen gari da kusan kilomita 25. Jirgin ƙasa kuwa daga tsakiyar gari yake ɗaukar mutum ya sauke shi a tsakiyar gari, kuma da yake an gama bincike tun a Landan, kuna sauka sai ku ja jakarku ku fita titi. Ku tuna agogon Faransa yana gaban na Birtaniya da awa ɗaya, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana ne, shi ya sa tafiyar ke kama da awa uku da wani abu, dawowar kuma awa ɗaya da 'yan mintoci.

A Gare du Nord ku yi hattara da masu tare baƙi a bakin dandamali suna tallar tasi. Ku bi alama zuwa layin tasi na hukuma da ke gefen tashar, ku kuma riƙe fasfo da waya a jikinku, domin wuri ne mai cunkoso kuma 'yan sane sun san baƙo. Idan Hajiya ta yi marmarin cefanen gida, tasha biyu ce kawai a layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma ke sayar da kuɓewa da manja da busasshen kifi da atamfa. Babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana ɗaya ɓangaren kogin Seine, kuma ya cancanci ku ware masa rabin yini.

Tambaya: Ɗana yana aiki a Paris, 'yata kuma tana aure a Landan. Sun shirya mini takardu in ziyarce su duka biyu, kuma sun ce a jirgin ƙasa zan ƙetare. Gaskiya tun da na ji ta ƙarƙashin teku ake bi hankalina bai kwanta ba. Idan ruwa ya ɓalle fa, ko numfashi ya ɗauke wa mutum?
Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci. Ba ke kaɗai ke da wannan tsoro ba, amma ki kwantar da hankalinki. Jirgin ba ya shiga cikin ruwa, kuma ba za ki ga ruwa ko ta taga ba. An haƙa hanyar ce a cikin wani farin dutse mai kama da alli da ke can ƙarƙashin gindin teku, irin wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, aka kuma lulluɓe ramin da kankare da ƙarfe. Tsawonta kilomita 50 ne daga Folkestone a Ingila zuwa Coquelles kusa da Calais a Faransa, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin teku. An fara haƙa a 1988, ma'aikatan ɓangarorin biyu suka haɗu a tsakiya ranar 1 ga Disamba, 1990, sannan Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe ta ranar 6 ga Mayu, 1994. Jiragen fasinja sun fara aiki a watan Nuwamban wannan shekarar, kuma tun daga nan miliyoyin mutane ke bi kowace shekara.

Ramuka uku ne a jere. Biyu na jirage ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, na tsakiyar kuma na ma'aikata ne da ceto, yana da ƙofofi da ke haɗa shi da sauran a tazara-tazara, kuma ana hura masa iska mai ƙarfi don kada hayaƙi ya shiga. An yi gobara a 1996 da 2008 a jiragen da ke ɗaukar manyan motocin kaya, kuma a duka biyun ta wannan rami aka fitar da mutane ba a rasa rai ba. A Disamban 2009 ma jiragen fasinja biyar sun tsaya a ciki saboda dusar ƙanƙara ta narke ta taɓa kayan lantarkinsu, mutane suka sha wahalar jira na sa'o'i, amma kowa ya fito. Na kawo waɗannan ne domin ki san cewa an gwada tsarin ceton a aikace.

Abin da za ki ji a jikinki kaɗan ne. Jirgin zai rage gudu zuwa kilomita 160 a awa, taga ta yi duhu, fitilun tarago suna nan a kunne, wataƙila kunnenki ya ɗan toshe, sai ki haɗiye yawu ya buɗe. Bayan kimanin minti ashirin haske zai dawo. Ki nemi yaran su sanar da kamfanin tun da wuri idan kina bukatar mai taimaka miki da kaya ko keken guragu a tasha, kuma ki yi sallarki kafin ki shiga layin bincike, tun da tafiyar ba ta da tsawon da za ta fitar da ke daga lokaci idan an zaɓi jirgin da ya dace.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Leeds, ina da bizar Schengen, kuma ina so in kai wa yayana ziyara a Paris. Duk lokacin da na duba tikiti sai in ga ya yi tsada ƙwarai. Yaya ake samun mai sauƙi? Kuma zan iya tafiya masa da kilishin da aka kawo mini daga gida?
Daga ɗalibi a Leeds.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Farashin wannan jirgi ba tsayayye ba ne. Kujerun farko ana sayar da su da 'yan gomman fam, yayin da tarago ke cika kuɗin na hawa, har kujera ɗaya ta iya haura fam 200 idan saura kwana ɗaya ko biyu. Maganin abin shi ne saye tun saura wata biyu ko uku, da zaɓen Talata ko Laraba ko Alhamis, da kauce wa yammacin Juma'a da na Lahadi da lokutan hutun makarantu. Ka saya kai tsaye a shafin kamfanin na intanet, ka kuma karanta sharuɗɗan canja rana kafin ka biya. Idan aljihu ya ƙi, akwai motocin safa daga tashar Victoria a Landan zuwa Paris, waɗanda sukan yi awa takwas zuwa goma, kuɗinsu kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga matashi mai ƙarfi wannan ba abin kunya ba ne.

A wajen kaya jirgin ƙasa ya fi na sama sassauci. Tikitin gama-gari yana ba ka manyan jakunkuna biyu da ƙaramar jakar hannu ɗaya, ba a auna nauyi, sai dai dole ka iya ɗaukar abinka da kanka, kuma babu dokar nan ta hana shiga da ruwa ko turare fiye da ƙaramar kwalba. Kilishi dai ka bar shi a Leeds. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga ƙasashen waje, kuma tun da Birtaniya ta fice ita ma ta shiga wannan sahu, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk jami'an kwastam na iya ƙwace su, su kuma ci ka tara. A dawowa ma kada ka ɗauko cuku ko nama daga Paris ba tare da ka duba dokar Birtaniya ta lokacin ba, domin a watan Afrilun 2025 ta hana shigo da su daga Turai saboda cutar dabbobi.

Hanyarka daga Leeds mai sauƙi ce, domin jirginku a tashar King's Cross ta Landan yake tsayawa, ita kuwa St Pancras tsallaka titi ne kawai. Sai dai tikitin biyu daban suke, kuma idan na farko ya makara ka rasa na biyu, kai ne za ka shiga ɗawainiya. Ka bar tazarar awa biyu a tsakani, ka riƙe shaidar izinin zamanka na Birtaniya tare da fasfo saboda binciken dawowa, ka kuma duba saƙonnin kamfanin da safiyar ranar tafiya kafin ka bar gida, domin akan soke jirage ba zato, kamar yadda aka yi ranar 7 ga Maris, 2025, lokacin da aka tono wani bam na Yaƙin Duniya na Biyu a kusa da layin dogon Gare du Nord aka dakatar da zirga-zirga yini guda.