Kafin ka kira kanka tubali

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a makaranta an sa kowa ya faɗi wani abin amfanin yau da kullum da yake ganin halinsa a ciki, kai ka zaɓi tubali, kana tambaya ko al'adarmu ta san irin wannan magana ko baƙuwa ce.

Ta san ta sarai. Mu ne muke ce wa mai jure wahala turmi sha daka, mu ce wa mai tarbiyyar yaro icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai abin yana da ladabinsa. Kirari wani ke yi maka, don yabon kai jahilci ne. In kai za ka kamanta kanka da wani abu, ɗauki wanda ake kan aikinsa, ba a gama ba, kuma ka san yadda ake yin sa.

Tubali ya dace da ɗan Zazzau. Daga jar ƙasa ake fara shi. A haƙo ta, a jiƙa, a tattake da ƙafa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana, a sake tattakawa. Ƙasar da yashi ya yi wa yawa marmashewa take yi, wadda yumɓu ya rinjaya kuma tsagewa take yi in ta bushe, shi ya sa ake cuɗa ciyawa a cikin kwaɓin gini ta riƙe shi. Sannan a mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a jera a rana kamar mako 2.

Nan ne wurin da nake so ka tsaya, ɗana. Tubali yakan bushe ta waje cikinsa da ɗanye. Ido ba ya gani, sai an ɗora masa nauyi katanga ta zauna ta dare. Matashin da ya iya magana a gaban mutane, bai iya riƙe fushi ko amanar kuɗi ba, shi ne wannan tubalin, kuma nauyin aure ko na shugabanci ne ke tona shi. Haka magini ba ya kai katanga sama rana ɗaya. Yakan ɗora 'yan layuka, ya bar su su sha iska, gobe ya ƙara. Gindi da kauri yake fara ta, tana sirancewa zuwa sama. Karatu da sana'a ma sai gindin ya fi kan nauyi.

Kuma tubali ba ya tsayawa shi kaɗai. Sai da kwaɓi a tsakani, da azarar giginya a rufi, da makuba ta kwasfar ɗorawa da ke kare shi daga ruwa. Kowace shekara kafin damina a duba yaɓe, a buɗe indararo, domin in ya toshe ruwa ya kwanta a soro, ginin shekara 50 sai ya lalace a damina ɗaya.

In ka zo hutu, je Masallacin Juma'a na ƙofar fadar Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, da ya hau mulki a 1834. Shiga tsohon ginin da ke ciki, ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin, sannan ka dafa ginshiƙi ɗaya ka ji kaurinsa. Ka gaida mahaifiyarka.