Ɗan Kasuwa da Ranar Wanka: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karo kusan duk daga bakin 'yan kasuwa suka fito, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Malam, ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Tun ambaliyar da ta shigar mana a daminar 2022 ban sake miƙewa ba, ga bashin kaya a kaina. Yayana ya ce zai zuba mini jari na ƙi, don a ganina rufin asiri shi ne kada kowa ya san halin da nake ciki. Shi kuwa ya ce ban san ma'anar rufin asiri ba. Wa ke da gaskiya?

Yayanka ne, Alhaji. Ka saurari yadda muke faɗin maganar kullum. Cewa muke "Allah ya rufa mana asiri," ko "wane ya rufa mini asiri ranar sunan ɗana," ko "rufa mini asiri ka jira ni zuwa Juma'a." A duk ukun akwai mai rufawa, akwai wanda ake rufa wa, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Haka ne, ana cewa "rufa wa kanka asiri," amma wannan gargaɗi ne, ma'anarsa ka janye jiki daga abin da zai kunyata ka. In aka ce mutum yana da rufin asiri kuwa, ana nufin yana iya ci da iyalinsa, ya biya buƙatarsa ba tare da ya tozarta ba. Ba a taɓa nufin ya iya ɓoye ramin da ya faɗa ba.

Abin da kake yi sunansa zurfin ciki. Na san za ka kawo mini "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," domin duk mai zurfin ciki da ita yake kare kansa. Wannan karin magana kan sirrin da aka ba ka amana take, da shirin da bai nuna ba, kamar farashin da ka saro kaya ko garin da za ka kai su. Waɗanda suka faɗe ta su ne kuma suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yana ba ni takaici yadda mutane ke tsintar karin magana ɗaya da ta dace da son ransu, su yi kamar ba su taɓa jin 'yan'uwanta ba.

Kuma wa ka ɓoye wa? Yaron shagonka ya san rabon da dila ta shigo. Shi ne yake warware turmi ɗaya ya baza a kanta don ya rufe gurbin goma. Maƙwabcinka yana ganin wayarka na ƙara kana kife ta a kan benci. Kasuwa ta riga ta sani, kara kawai take yi maka, kuma kara tana da iyaka. Ranar da mai bashi ya gaji ya zo ya tsaya a ƙofar shago da rana tsaka yana ɗaga murya, ranar ce asiri ya tonu. Yayanka so yake ya riga wannan rana zuwa. Ka karɓa. Sai dai ku zauna ku fayyace, rance ne ko jari ne da za a raba riba, ku rubuta, ku sa shaidu, yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, domin zumunci ya fi lalacewa a kan kuɗin da ba a rubuta ba. Masu binka kuma ka je musu da ƙafarka kafin su zo. Aya ta 280 ta wannan sura ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, amma ba mai saurara wa wanda ke nuna masa lafiya lau yake.

Me ya bambanta faɗuwa da karyewa?

Faɗuwa a ciniki ɗaya ake yi, gobe a mayar. Karyewa sai uwar kuɗi ta tafi.

Malam, mai abincin sayarwa ce ni a Damagaram. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 kaya suka yi tsada, masu ci bashi suka yi yawa, duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, wani ya ce in dangana, wani ya ce in natsu. Ba abu ɗaya suke faɗa ba?

A'a, Hajiya, kuma wanda ya ce ki dangana bai yi miki adalci ba. Dangana ta abin da ya riga ya wuce ce, wanda ba dabarar da za ta dawo da shi: an yi rasuwa, ko kaya sun ƙone ƙurmus. Tukunyarki tana kan wuta, masu bashinki suna raye, me za ki dangana a kai? Dauriya ita ce ki ji zafin ki cije ki ci gaba. Tana da amfani, amma ta ɗan lokaci ce, wanda ya mai da ita abincin kullum jikinsa ne zai biya.

Haƙuri ya fi su faɗi, kuma shi aka fi zalunta. Mutane sun mai da "yi haƙuri" hanyar sallamar mai kuka ba tare da sun sa hannu a aljihu ba. Ki dubi karin maganar da kowa ya haddace, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Dafawa aka ce. Mai dafa dutse yana iza wuta, yana ƙara ruwa, yana neman itace in nasa ya ƙare. Ba a ce mai haƙuri yakan zauna kusa da dutse ba.

Wanda ya ce ki natsu shi ya ba ki shawarar da za ki yi aiki da ita yau. Natsuwa, ko nutsuwa, ko nitsuwa, bambancin karin harshe ne kawai, ita ce hankali ya dawo jiki kafin a yanke hukunci. A sana'arki ma'anarta kada ki rage kwano ko ki kori yarinyar da ke taya ki a ranar da ranki ya ɓaci. Ki bari sai kin sauke tukunya, kin yi sallah, ki ɗauko littafin bashi ki ware wanda zai biya da wanda ba zai biya ba, sannan ki nemi wata tsohuwar hannu a sana'ar ki nuna mata lissafin. Hankalin da ya tashi ba ya ƙirga canji daidai, balle ya tsara makomar jari.

"Sauri ya haifi nawa": 'ya'ya nawa ake nufi?

Ba tambaya ba ce, ɗana. Nawa a nan ita ce ta mai nawar aiki, wato jinkiri. Garaje yakan sa a sake aiki tun daga farko. Ka gyara muryarka in za ka faɗe ta.

An rubuto mini a waya cewa ina da "jin kai" don na ƙi karɓar taimakon abokan sana'ata. Yabo ne ko zagi?

Zagi ne, kuma da masu rubutu suna kula da lanƙwasar haruffa da ba ka tambaya ba. Jin kai girman kai ne, mutum yana jin kansa. Jinƙai tausayi ne. Ƙugiya ɗaya ce a kan harafi ta raba halin Fir'auna da halin mutanen kirki, amma kullum sai ka ga an rubuta "ma'aikatar jin kai" a kanun labarai, alhali wadda ke raba wa mabukata kayan agaji ake nufi. Yawancin wayoyin yanzu suna da ɓ da ɗ da ƙ in ka sa musu allon rubutun Hausa. Lalaci ne, ba rashin kayan aiki ba. Wanda ke rubuta baki a wurin baƙi, kashi a wurin ƙashi, ya daina cewa Hausa ba ta da wuya.

Game da kai kuwa, ka bincika zuciyarka. Akwai mai ƙin karɓa don kunya, akwai mai ƙi don kada a ce wane ne ya tashe shi. Na biyun shi ne jin kai.

Shagon abokina ya ƙone. Ta'aziyya zan yi masa?

Jaje. Ta'aziyya ta mutuwa ce. Kuma kada ka je hannu rabbana.

Taimako, agaji, ɗauki, tallafi, gudummawa: ana iya sa kowace a wurin kowace?

'Yan jarida suna yi, amma kunnen Bahaushe yana jin bambancin. Taimako shi ne uwa, ya ɗauke su duka. Ka tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Waɗanda suka ruga cikin dare suna janye kaya daga bakin wuta, ɗauki suka kai, agaji suka yi, domin su biyun na gaggawa ne. Abin da ake ba mutum daga baya don ya tsaya da ƙafarsa, tallafi ne, daga tallafa, a sa hannu ta ƙasa kada abu ya faɗi. Gudummawa kuwa asalinta ta fagen fama ce, a rugo a ƙara wa wanda aka fi ƙarfi ƙarfi, sannan ta shigo biki da suna. Tana da ladabinta: ta tsakanin tsara ce, ana karɓa ana ramawa. Shi ya sa ɗan kasuwar da abokan layinsa suka haɗa masa gudummawa bai zama almajirinsu ba. Bashin zumunci ya ci, kuma ranar biya za ta zo.

Wannan ra'ayi na cewa cikakken ɗan kasuwa shi ne wanda bai taɓa neman kowa ba, baƙo ne a wurinmu. Ku dubi kalmomin fatauci. A ƙarni na 19, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja yake zuwa, daga kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen hanyar. Su tashi da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su yi watanni ba su ga gida ba. Ba falken da ke fita shi kaɗai, sai cikin ayari. Akwai madugu uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki da ke shiga gaban sarakunan hanya ya daidaita abin da za a biya. Akwai malamin ayari mai riƙe da alƙalami da addu'a. Kowane suna a nan aiki ne da falke ya yarda ba zai iya yi wa kansa ba.

Goro kuma kaya ne mai rai. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda sankara ta kama, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Falken da jakinsa ya faɗi a tsakiyar daji ya tsaya jin kunyar faɗa wa madugu, kafin ya gama kunyar kayansa sun lalace, ayari kuma ya yi nisa. In an isa zango, maigida ne zai sauke ka, ya adana kayanka, ya nemo dillali, ya tsaya maka in za a ba da kaya bashi, a cire la'ada. Unguwannin zango na Kumasi da Akara, da Sabo ta Ibadan, a kan wannan tsari suka girma. Alhassan Ɗantata, Ba'agalen Bebeji da aka haifa a 1877 ya rasu a 1955, da goro ya fara kafin gyaɗa, kuma harkarsa ta yaɗu ne ta hannun yaran da yake ba jari su shiga garuruwa su saro masa. Har gobe a kasuwannin Kwari da Singa na Kano in aka ga sabon mai shago, tambayar farko ita ce yaron wa ne, wa ya yaye shi. Ba wanda ke jin wannan tambaya a matsayin gori.

Madugu ma, da ake yi wa kirari, ba don ya fi kowa dukiya kaɗai ake bin sa ba. Ana bin sa ne don in labarin 'yan fashi ya iso zango cikin dare, shi ne wanda muryarsa ba ta rawa, ya tara manyan ayari ya ji ta bakin kowa kafin ya ce a tashi ko a kwana.

Mece ce jinka a "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka"?

Rufin ɗakin ciyawa ne mai tsini. A ƙasa ake ɗaura tankarsa a baibaye shi, sannan maza su kewaye shi su ɗaga a tare su ɗora a kan bango. Ban yi zaton za a kai lokacin da za a tambayi wannan ba.

Karayar arziki ko kariyar arziki?

Ana jin duka biyun a baki, gwargwadon garin mai magana. A rubuce na fi son karaya, domin mai karatu zai iya ɗaukar kariya da ma'anar tsaro, ya fahimci kishiyar abin da kake nufi.