Me ya sa ƙullin saƙata yake kwanciya?

'Yar'uwa, kin ce kina saƙa 'yan murabba'ai masu tudu-tudu da kwarashi don haɗa bargo, amma ƙullin kwanciya yake yi, girmansu kuma ba ya zuwa ɗaya.

Yawanci laifin ramin da ke maƙwabtaka da ƙullin ne. Wajen yin ƙullin, ki yi doguwar saƙa (wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka shi a rami) sau 5 a rami guda, kowacce ki bar ta ba ki ƙarasa ba, har madaukai 6 su taru a kan kwarashi, sannan ki zare su gaba ɗaya. Ramin da ke biye ki yi masa gajeruwar saƙa (wadda ake soka kwarashi ba tare da an fara naɗa zare ba), ki ɗan matse hannu. Ita ce take turo ƙullin waje. Kuma ki yi shi lokacin da bayan saƙar ke kallonki, domin ta ɗaya fuskar yake ɓullowa. Ni har da ɗan yatsa nake ƙara tura shi.

Batun girma kuwa, ki riƙa ƙirga ramukan a ƙarshen kowane layi, kada ki sauya kwarashi. Mai milimita 4 ko 5 ya dace da matsakaicin ulu. Ulun ma ki saya da rara, saƙar nan cin zare gare ta, kuma launin da kika samu yau ba lallai ki same shi gobe a kasuwa ba.