Ɗiyata, ga amsarki a kan maganar da aka binne

Saƙonki ya iso ni bayan la'asar, sai da na karanta shi sau biyu. Kin ce tun da aka yi muku sulhu da 'yar kawunki a gaban Baffa, aka ce a binne maganar, ki kuma goge saƙonnin muryar da ta turo miki, ranki bai kwanta ba. Kina tambaya don me al'adarmu take tilasta wa mutum mantuwa alhali tunawa baiwa ce. Har kika kawo min labarin matar nan ta Amurka da masana a wata jami'a ta Kalifoniya suka yi rubutu a kanta a 2006, wadda in aka ba ta kowane kwanan wata tun daga 1980 za ta faɗi ranar da ya kama da abin da ta yi a cikinta.

To ai ba ki ƙarasa labarin ba. Ita da bakinta ta ce abin kaya ne, ba ya tsayawa, kuma ba ita ke zaɓar abin da zai zo mata ba. Baƙar maganar da aka faɗa mata tana yarinya takan dawo da zafinta kamar yau aka faɗe ta. Ke za ki iya kwana da irin wannan?

Mu nan Daura ba masu mantuwa ba ne, kada ki yi mana wannan shaida. Garin da har gobe ake kai baƙo Kusugu a nuna masa rijiyar da Bayajidda ya kashe macijiya, a gaya masa ran Juma'a kaɗai ake samun ɗiban ruwa a da, ba za a ce ba ya riƙe tarihi ba. Ki tsaya ƙofar fada ranar hawan Gani ki ji maroƙa suna jero sarakuna da kakannin mutane, babu takarda a hannunsu. Tuna baya shi ne roƙo. Abin da al'ada ta yi shi ne ta raba: ga abin da dole a riƙe, ga wanda dole a saki.

Bashi dole a riƙe shi. Shi ya sa kafin a sallaci gawa ake shela, duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Alheri ma haka. Kakarki ba ta san boko ba, amma ta san wadda ta kawo mata turmin atamfa a bikin uwarki da wadda ta kawo kwano, kuma ran da biki ya zagayo gidansu sai ta mayar da abin da ya fi. Matar da ta manta bikin da aka yi mata, ita ce ake zunɗe a unguwa.

Laifi kuwa, da zarar manya sun zauna an ce an yafe, ya zama gawa. Ba wai an ce zuciyarki ta goge shi ba, wannan ba a hannun Baffa yake ba. Bakinki aka ɗaure. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bari in ba ki nawa. Shekarar fari, 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ina amarya, hatsi ya ƙare mana tun kafin damina. Na je gidan wata 'yar'uwa ta jini neman aron gero ko tiya biyu. Rumbunta da saura, na gani da idona. Ta hana ni, ta kuma bi ni da wata magana har zaure. Na yi kuka a hanya har mayafina ya jiƙe. Bayan girbi tsofaffi suka tara mu, ta ce in yafe, na ce na yafe. Na yi shekaru ina jin maganar nan a kunnena kalma bayan kalma. Yau in kin matsa min, wallahi sai dai in faɗa miki ma'anarta, lafazin ya tsere min, sautin muryar ma ya tafi. Da lafazin ya tafi sai zafin ya bi shi. Matar nan da ta hana ni geron ita ta zauna da ni wata huɗu da kwana goma lokacin takaba, ita ke dafa min abinci, ita ke kore min masu yawan surutu. Kin san ta, kin ci tuwonta, kuma ba zan gaya miki ko wace ce ba.

Yanzu ki ɗauka a ce a 1973 ina da irin wayarki, na ɗauki muryarta na ajiye. Duk daren da raina ya ɓaci sai in kunna. Da yaushe miki zai kame ana ɓanɓare shi kullum? Nan ne nake ganin ku 'yan yanzu kuna cikin wahalar da mu ba mu sani ba. Matar Amurka haka Allah ya yi ta, ku kuwa da kuɗinku kuke sayen lalurarta ku sa a jaka.

Kuma muryar da ke cikin wayar ba ta 'yar kawunki ta yau ba ce, ta wadda ke cikin fushi ce ranar wata Talata. Ta yau ta durƙusa gaban manya ta ba ki haƙuri.

Kin yi makarantar allo, kin san sai an wanke allo ake rubuta sabon karatu, abin da ya kamata ya zauna ya riga ya zauna a ka. Kin kuma san ƙabli da ba'adi: ko a salla an bar wa mantuwa gurbi. Malamai ma sukan ce sunan insan daga nisyan ya fito, kuma a Suratu Ɗaha an ce Annabi Adamu ya manta.

Abu guda zan ba ki gaskiya a kai. Wani lokaci ana fakewa da "a binne" a danne wa mai rauni haƙƙinsa, musamman mu mata a maganar gado. In gona ce, ko kuɗi, ko duka, wannan ba abin binnewa ba ne, ki riƙe shaidarki, ni zan raka ki gaban alƙali. Amma taku na ji ta daga farko har ƙarshe, babu ko kwabo a ciki, baƙar magana ce kika mayar da martani, kuma naki martanin ma ba zuma ba ne. Kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta.

Sunan ɗan 'yar kawun taki ran Asabar ne. Ki biyo ta nan da hantsi mu tafi tare, ki zo da wayar in ga kin goge. Ki kuma tambayi uwarki abin da suka kawo a naki sunan, don ni na manta ko bargo ne ko baho.

Gwaggonki