Agogon tsaye da tabar masu kuɗi: wa ya ce zai saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Gombe, ina sayar da kujeru da gadaje da sauran kayan ɗaki na hannu. Kwanan baya na sayi wani tsohon agogon tsaye mai gidan katako da ƙofar gilashi, ya fi ni tsawo, a hannun magadan wani tsohon ma'aikaci, a kan naira dubu 180. Ɗan yayata da ke Abuja ya ga hotonsa, ya ce in aka cire injin, aka shimfiɗa wani katako na musamman a ciki, zai zama akwatin adana tabar Kuba, ƙatuwar tabar nan da ake naɗewa da ganye zalla. Ya ce manyan otal na saye har miliyan 3. Na tura masa dubu 250 kuɗin katakon, na ba kafinta dubu 120. Yanzu ya ce in nemo ƙarin agogo huɗu tun kafin wasu su farga. Ina da kwasar adashe ta dubu 900 a wata mai zuwa. In zuba?

Amsa: Alhaji, kar ka zuba.

Na bi wasiƙarka daga sama har ƙasa ina neman abu ɗaya, ban same shi ba: sunan mai saye. "Manyan otal" ba sunan kowa ba ne. Wanda ke saye mutum ne mai ofis da lambar waya, wanda zai ce yana son tsawo kaza da faɗi kaza, ya ba da kafin alƙalami, ya sa hannu. Kai abin da ke hannunka maganar ɗan yayarka ce, kuma a kan maganar nan ka riga ka fitar da dubu 370, in aka haɗa da kuɗin agogon dubu 550 ke nan. Cinikin biri a sama ke nan.

Ka tambaye shi nawa ya saka nasa. Na san amsar. In kaya ya shiga, zai karɓi la'ada, a yi ta yabonsa a dangi cewa yaro yana da ido. In bai shiga ba, asararsa ba ta wuce katin waya ba. Kuma ba za ka iya matsa masa yadda za ka matsa wa dillalin kasuwa ba, domin ranar da ka ɗaga murya yayarka ce za ta kira ka, a tara manya, a ce Alhaji ya fifita kuɗi a kan zumunci. Ban ce yaron macuci ba ne. Mai yiwuwa ya ga irin akwatin a waya da farashinsa a dala, ya buga a naira, kansa ya ɗau zafi. Wanda bai taɓa sayar da ko guda ba, shi ke ce maka ka nemo huɗu.

Akwai wani abokin sana'arka da ya taɓa zuwa wurina a nan Gombe. Ƙanin matarsa ne ya ce masa za a buɗe wani ɗakin taro, ana neman kujeru 200, magana ta ƙare, takarda kawai ake jira. Ya ci bashin katako da soso, ya sa kafintoci suka yi ta aiki ba dare ba rana. Aka buɗe ɗakin taron da kujerun roba daga wani wuri. Nasa kujerun suka yi damina a rumfa, soso ya sha ruwa, yadi ya yi baƙi-baƙi, ya dinga sayarwa bibbiyu ƙasa da kuɗin da ya kashe. Ƙanin matar kuwa yana zuwa gidan cin tuwon sallah har gobe. Shi wannan ma kujera ya yi, abin da kowane gida ke bukata. Kai in cinikin ya fashe, wa za ka kai wa akwatin taba a Jekadafari ko Tumfure?

Bari in gaya maka abin da aikin yake bukata, don ka ga ko kafintanka ya san inda ya sa kansa. Irin wannan tabar, wadda aka fi yi a Kuba da Jamhuriyar Dominika da Nikaragua da Honduras, ana ajiye ta ne a danshi na kashi 65 zuwa 72 cikin ɗari, da sanyi na digiri 18 zuwa 21, kullum, ba hawa ba sauka. In danshi ya gaza, ganyen ya bushe ya tsage. In ya yi yawa, ta yi funfuna. In zafi ya yi yawa, ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke cikin ganyen ya ƙyanƙyashe, ya huhhuda ta. To, ka duba garin da kake. A Maris da Afrilu zafi na taɓa digiri 40. Lokacin hunturu danshin iska na faɗowa ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura 80. Kai mai kayan ɗaki ne, ka san durowar da ke ƙin buɗuwa da damina ita ce ke zamewa da kanta a Janairu. Akwatin da aka haɗa a nan da rani, in ya isa wuri mai laima, katakon zai kumbura, ƙofa ta ƙi zama.

Gidan agogo kuma ba a yi shi don riƙe iska ba. Bayansa siririn katako ne, akwai rami tsakanin kan da cikin inda sarƙoƙi da ƙarfen lilo ke sauka, ƙofar kuma rufe ido kawai take yi. Yau da daddare ka kunna tocila ka sa a ciki, ka rufe, ka kashe fitilar shago. Duk inda haske ya leƙo, nan danshi zai gudu. Sannan ka sa hancinka a ciki. Shekara da shekaru na man inji da folish da ƙura, wataƙila har da kafur, duk sun shiga jikin katakon, ita kuwa tabar nan duk warin da ta samu sai ta sha.

Katakon da ake shimfiɗawa na wani irin itace ne da ake kira sida, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Dole ya bushe sosai, in ba haka ba ya dinga fitar da ƙaro, kuma ba a shafa masa fenti ko folish. Akwai wani sidan mai ƙamshi sosai da ake sa wa a kabad don korar asu, shi ɓata tabar yake yi. Wanne ɗan yayarka ya saya? Ka ga rasit? Ka ga katakon ma? Bayan wannan akwai roba a bakin ƙofa, da kantoci masu tsaga don iska ta zaga, da ma'aunin danshi, da na'urar ba da danshi mai fanka, domin akwati mai tsawon mutum ya fi ƙarfin ɗan soso a kwano. Na'urar na son wuta da tataccen ruwa. Duk wannan ba ya cikin lissafinka, haka ma kuɗin motar da za ta bi da gilashi ta Bauchi da Jos har Abuja.

Ka kuma sa kanka a matsayin mai otal. Mutumin da zai zuba tabar miliyoyi a akwati, zai saya ne a wurin kamfanin da zai iya kira in abu ya lalace. Talla ma ba a sake take ba: dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana tallar taba da sayar da ita ta intanet, don haka kafin ka sa hoton akwati cike da taba a Facebook, ka ji ta bakin lauya. Batun halaccin kuɗin kuwa, wannan na malaminka ne, amma gara ka tambaya yanzu da ka tambaya bayan an biya ka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne injin. Agogon tsaye mai injinsa na asali, yana tafiya yana buga ƙararrawa, kaya ne da kansa, kuma masu sonsa sun fi masu son akwatin taba yawa nesa ba kusa ba. Ranar da aka cire injin aka huda gidan, wannan darajar ta tafi. Gobe da safe ka je wurin kafinta ka ce ya dakata. In ya riga ya cire, ka karɓi injin da ƙarfen lilo da ƙarafan nauyin da ke rataye a sarƙoƙi da makullin, ka naɗe su a wuri ɗaya, kar yaran shago su kai wa 'yan gwangwan. Ka yi lissafi da shi, ya riƙe na aikin da ya yi, ya dawo da saura. Ka kira mai gyaran agogo ya duba ya faɗi abin da zai ci.

Shi kuma ɗan yayarka, ka ba shi mako biyu. Ya kawo mutum ɗaya mai suna da lamba, ka yi magana da shi da bakinka, ya ba da rabin kuɗi kafin a taɓa ƙusa, a rubuce, da sharaɗin wanda zai ɗauki asara in gilashi ya fashe a hanya. In ya kawo, ka yi guda ɗaya tak, ka sa ma'aunin danshi a ciki wata guda ka gani ko allurar za ta tsaya. In bai kawo ba, ya turo katakon da rasit ko ya dawo da dubu 250, kuma ka faɗa masa haka a gaban mahaifiyarsa tun yanzu. Kuɗin adashen ka sayo gadaje da katifu da su, lokacin bukukuwan bayan kaka na tafe.