Kariyar gobara a bene alhali 'yan haya na ciki

Malam, ka tambaya ko za a iya ƙara kariyar gobara a benenku mai hawa shida a Yamai ba tare da an tashi 'yan haya ba. Ana iyawa, hawa bayan hawa.

Ku fara da matakala, don hayaƙi kan kashe mutum tun wuta ba ta iso ba. A kwashe babura da tukwanen gas daga wurin. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar ƙarfe da ake garƙamewa da kwaɗo saboda ɓarayi. A sa makullin da ke buɗuwa daga ciki ko babu mabuɗi. Mai lantarki ya duba wayoyi kafin zafin Afrilu, a kuma manna lambar 'yan kwana-kwana, 18, a kowane hawa.